Inda Kwamfuta Ta Tsaya: Nazarin Ƙin Tashi Bayan Ƙara wa Furosesa Gudu

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi: a ɗauki bugun tushe a ninka shi da wata lamba. A kwamfutocin tebur na yanzu bugun tushen megahaz 100 ne. Idan lambar ninki 33 ce, an samu gigahaz 3.3, gudun da Intel ta sa wa Core i5-2500K a 2011. Harafin K na nuna cewa ba a kulle lambar ba, shi ya sa masu sha'awar harkar suka riƙa ɗaga ta zuwa 45 su samu gigahaz 4.5 ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Rigimar takan fara ne bayan an adana sabon saiti a BIOS. Fanka na juyawa, fitilu a kunne, allo kuwa baƙi ƙirin. Nan take mutane da yawa sukan yanke hukuncin cewa wuta ce ba ta ishi furosesa ba, sai su ƙara mata. A ganina wannan gaggawar ta fi komai jawo asara a harkar. Ƙin tashi iri-iri ne, kuma matakin da na'urar ta tsaya shi ke nuna abin da ya same ta.

Kafin Windows ta bayyana, madabod yana gudanar da gwajin da ake kira POST: ya tayar da furosesa, ya shirya RAM, ya nemo katin hoto, sannan ya miƙa ragama ga faifan da manhaja take ciki. Madabod da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu kusa da ramukan RAM, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT. Suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta tsaya a kunne ita ce wurin da aka maƙale. Wasu kuma ɗan allo gare su mai nuna lamba. A madabod ɗin ASUS, lamba 55 ta shafi RAM.

Sau tari fitilar DRAM ce ke tsayawa, kuma akwai dalili. Sashen da ke sarrafa RAM a cikin furosesa yake, AMD ta mayar da shi can tun 2003 da Athlon 64, Intel ta biyo baya a 2008. Saboda haka wanda ya kunna XMP ko EXPO, saitin ƙara wa RAM gudu, ya riga ya ƙure wani ɓangare na furosesa, ko da bai taɓa lambar ninki ba. DDR5 da ke farawa a 4800 sai a tura ta 6000 da dannawa ɗaya. Idan mutum ya yi wannan a zama ɗaya da ɗaga lambar ninki, sannan kwamfuta ta ƙi tashi, ba shi da hanyar sanin wanne ne ya jawo. Ƙarin wuta ga furosesa ba zai warkar da RAM ba. Akwai kuma abin da ke kama da lalacewa alhali jinkiri ne kawai: a madabod ɗin AM5 na furosesocin AMD, daidaita lokutan DDR5 a tashin farko yana iya ɗaukar mintuna allo na baƙi. Mai rashin haƙuri sai ya kashe na'urar a tsakiyar aikin, ya ce ta mutu.

Taɓa bugun tushe ya fi haɗari a wasu tsararrakin. A zamanin 2500K an ɗaure shi da PCIe da SATA, ƙarin 'yan megahaz kaɗan ya isa faifai ya ɓace daga BIOS.

Hanyar dawowa ita ce share CMOS, wato goge saitin da aka adana a BIOS. A cire wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa don ragowar lantarki ya fita, sannan a zare batirin CR2032, mai kama da kwabo, na 'yan mintuna. Ko kuma a haɗa ƙusoshi biyu da aka yi wa alamar CLR_CMOS da bakin sukudireba na 'yan daƙiƙu. Komai zai koma saitin masana'anta, har da abin da ba a nufa ba. Idan faifan yana kan RAID ya koma AHCI, Windows za ta ƙi buɗewa, mutum ya zaci tsohuwar matsalar ce.

Idan kuwa POST ya wuce sai a bakin Windows ne shuɗin allo ya fito, to a nan ne zargin furosesa ke da tushe. Saƙon CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR yakan nuna gudu ya wuce abin da wutar ke iya ɗauka. Da aiki ya yi nauyi, ƙarfin lantarkin da ke isa furosesa yakan ɗan faɗi ƙasa da abin da aka rubuta a BIOS. Magani biyu ne: a sauko da lambar ninki mataki ɗaya, ko a ƙara wuta da kaɗan-kaɗan, misali bolt 0.01, a gwada da manhajar Prime95 kafin a sake taɓa wani abu. Na fi son na farko. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hauhawa ne daidai da ƙarfin lantarkin an ninka shi da kansa, don haka tashi daga bolt 1.2 zuwa 1.4 ƙarin kusan kashi 36 cikin 100 ne tun ba a lissafa gudun ba. Saitin da wani ya gwada a ɗaki mai sanyi ba lallai ya jure zafin watan Afrilu a Sakkwato ba.

Kamfanonin da kansu sun ɗanɗana kuɗar yawan wuta. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone a cikin soket, AMD ta taƙaita wutar sashen SoC zuwa bolt 1.3. A 2024 Intel ta amsa cewa yawan ƙarfin lantarki ne ke sa furosesocinta na tsara ta 13 da ta 14 rashin daidaito, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara garanti da shekara biyu. Gyaran yana kare wadda ba ta riga ta taɓu ba ne kawai. Wadda wuta ta riga ta gajiyar, har take tuntuɓe a saitin masana'anta bayan an share CMOS, sai dai a canza ta.