Daga Garu zuwa Dutsen Mesa: tarihin da ke jiran maziyarta a tsakiyar Jigawa

Idan tsofaffin abokan makaranta suka haɗu bayan doguwar rabuwa, da wuya hira ta ƙare ba a taɓo zancen tafiye-tafiye ba. Wanda ya je Umra zai ba da labarin Dutsen Uhudu da Masallacin Ƙuba da Kogon Hira. Abokinsu Kirista da ya je Ƙasa Mai Tsarki zai kawo na Baitalami da Kogin Urdun da Dutsen Zaitun. Kowannensu ya san abin da ya faru a wurin da ya tsaya tun kafin ya bar gida, domin ya karanta, an kuma karanta masa tun yana yaro. Ziyarar ibada tana da matsayinta na daban, amma akwai darasi a cikinta ga mai son tarihi: dutse ba ya zama abin ziyara sai an san labarinsa.

Tsakiyar Jihar Jigawa cike take da duwatsu masu labari. Abokan da suka keɓe yini biyu, suka fara daga unguwar Garu a Dutse, suka ƙare a Birnin Kudu, za su ratsa tarihin da ya haɗa makiyayan da ba a san sunayensu ba, da sarakunan Kano na ƙarni na 15, da jihadi, da Turawa, da siyasar Jamhuriya ta Biyu. Tafiyar da ke tsakanin garuruwan biyu ba ta kai awa guda a mota ba.

Garu: gari a ƙuryar duwatsu

Baƙon da ya shiga Dutse a yau zai fara cin karo da manyan tituna da sakatariya da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Wannan sabon gari ne, wanda ya bunƙasa bayan 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Asalin Dutse yana Garu, inda tsohuwar fadar sarki take a tsakiyar duwatsu.

Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a wurin, saboda yawan namun daji, musamman gada. Da wannan ake danganta tsohon sunan garin, Dutse Gadawur. Irin wannan labari na maharbin da ya kafa gari ya yawaita a ƙasar Hausa, kuma masana tarihi kan ɗauke shi a matsayin alamar yadda mutane suka fahimci asalinsu. Abin da ido ke tabbatarwa shi ne dalilin zaɓen wurin. Duwatsu katanga ce da ba a biya kowa ya gina ba. Mahayin doki ba ya iya sukuwa a cikinsu, mai tsaro kuma yana hango ƙurar mayaƙa tun daga nesa. Irin wannan lissafi ne ya tara mutane a gindin Dala a Kano, da Kufena a ƙasar Zazzau.

A rubuce, sunan Dutse ya bayyana a kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, kuma fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Kundin ya ce Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ne sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, kamar yadda ya auri 'ya'yan sarakunan Shira da Rano. Auren sarakuna a wancan zamani yarjejeniya ce. Idan Kano ta ga ya dace ta ƙulla surukuta da Dutse, ke nan akwai sarauta mai ƙarfi a wurin tun kafin zamanin Muhammadu Rumfa, wanda jikan Burja ne. Kundin ya kuma ce Burja ya yi sansani a Kudu har shekara guda da wata shida, daga baya Galadima Dauda ya riƙa kai yaƙi ƙasashen kudu. Garuruwa biyun da maziyarta za su taka sun shiga tarihi a zamanin sarki ɗaya.

Ada da Kumbari

Zumuncin bai hana faɗa ba. A zamanin Sarkin Kano Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, Dutse tana ƙarƙashin wani mai suna Ada, wanda ya ƙi bin Kano. Kumbari ya fito da kansa. Kundin ya nuna cewa saura kaɗan ya shiga garin, sai mashawartansa suka ba shi shawarar ya koma gida tunda ya riga ya nuna ƙarfinsa, kuma a wannan yaƙi aka kashe Sarkin Aujara. Mai karatu da hankali zai lura cewa marubucin kundin mutumin fadar Kano ne. Sarkin da ya zo cin gari ya juya bai shiga ba, ko da wane irin lafazi aka kwatanta komawarsa, duwatsun Garu sun yi aikinsu.

Yaƙe-yaƙen Kumbari sun ci kuɗi. Shi ne sarkin da kundin ya ce ya tsananta haraji a Kasuwar Kurmi har fatake Larabawa suka koma Katsina. Wanda ya tsaya a kan dutse a Garu yana duban filin da ke shimfiɗe yamma, yana kallon ɗaya daga cikin fagagen da suka sa talakan Kano da ɗan kasuwarta suka ji a jikinsu.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya iso wannan yanki ta hannun shugabannin Fulani biyu, Salihi da Musa, daga zuriyoyin da ake kira Yalligawa da Jalligawa. Su suka kawar da sarautar Haɓe a Dutse, a daidai lokacin da Sarkin Kano Alwali ya rasa gadonsa, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Daga nan Dutse ta zama ɗaya daga cikin manyan sarautun da ke ƙarƙashin Sarkin Kano a Daular Usmaniyya.

Zaman lafiya bai daɗe ba. A wajajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa a ƙasar Kano saboda saɓani kan haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin. Tsawon rabin ƙarni Ningawa suna kai hari kudu maso gabashin Kano, suna kwashe mutane da dabbobi. Dutse da Birnin Kudu suna bakin wannan iyaka. Ragowar ganuwa da ake gani a tsofaffin garuruwan yankin shaida ce ta zamanin da manomi ke fita gona yana waige.

Daga hakimi zuwa sarkin yanka

Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, sun tsara ƙasar zuwa gundumomi. Sarkin Dutse ya zama hakimi a ƙarƙashin En'e ta Kano, haka ma Sarkin Kudu. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga wasu sarautu, ciki har da Dutse da Gaya da Rano da Ƙaraye, zuwa masarautu masu cin gashin kansu. Matakin ya zo a tsakiyar rikicinsa da fadar Kano, kuma Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke shi a 1983. Sai da aka ƙirƙiro Jigawa Dutse ta samu tabbatacciyar masarauta, ɗaya daga cikin biyar na jihar tare da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim. Marigayi Nuhu Muhammad Sanusi ya riƙe ta daga 1995 har rasuwarsa a Janairun 2023, ɗansa Hameem Nuhu Sanusi ya gaje shi. Ƙananan hukumomi bakwai ne a ƙarƙashinta: Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Gwaram da Birnin Kudu. Kudu, wadda ta yi ƙarnuka tana kafaɗa da kafaɗa da Dutse a gaban Sarkin Kano, yanzu hakiminta a Dutse yake kai gaisuwa.

Kafin a bar garin, ya kamata maziyarta su ɗanɗana dabinonsa. Dutse ta shahara da shi, kuma a nan cibiyar bincike ta NIFOR ta kafa reshenta na nazarin dabino.

Shanun da ba su da tozo

Birnin Kudu sananniya ce ga mutane da yawa saboda Kwalejin Gwamnati da ke garin, inda Aliko Ɗangote ya kammala sakandare a 1978. Ga masana kimiyyar tono kayan tarihi kuwa, sunan garin yana tafiya ne da duwatsu uku: Dutsen Mesa, Dutsen Habude da Dutsen Murufu.

A jikin bangon kogunan waɗannan duwatsu akwai zanen dabbobi da aka yi da jan launi da fari, akasarinsu shanu. Mutanen gari sun daɗe da sanin su. Wanda ya kai labarinsu ga duniyar masana shi ne Bernard Fagg, Baturen Ingila da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, wanda kuma aka fi sani da aikinsa kan gumakan yumɓu na Nok. A tsakiyar shekarun 1950 ya yi nazarin zanen Birnin Kudu, ya gabatar da shi a taron masana tarihin Afirka na uku da aka yi a Livingstone a 1955.

Abin da ya kamata maziyarci ya duba da kyau shi ne bayan shanun. Ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da duk shanun da Bafulatani ke kiwo a Jigawa a yau masu tozo ne, kuma asalin jinsinsu daga yankin Indiya yake, sun shigo Afirka daga baya. Marasa tozo su ne tsofaffin shanun nahiyar. Ragowarsu su ne Muturu da ake samu a kudancin Nijeriya, masu jure sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, da shanun Kuri masu ƙaton ƙaho na Tafkin Chadi. Wanda ya yi zanen ya zana abin da idonsa ya saba gani ne. Ke nan ya rayu a lokacin da garken wannan ƙasa ya sha bamban da na yanzu. Masana ba su tsayar da shekarar zanen ba, amma siffar dabbobin ta isa ta nuna cewa ya girmi kiwo irin wanda aka sani a yau.

Zanen Birnin Kudu yana da 'yan'uwa. Akwai na Geji a Jihar Bauchi. Can arewa akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a Dabous cikin ƙasar Azbin a Jamhuriyar Nijar, da dubban zane na Tassili a kudancin Aljeriya, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982. Yawancin zanen Sahara an yi shi ne lokacin da hamadar take da ciyawa da tafkuna. Da ta fara bushewa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, makiyaya suka yi ta gangarowa kudu da dabbobinsu.

Abu na biyu da Fagg ya lura da shi a Birnin Kudu ya buɗe sabon babi a bincike. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa. Jikinsu ya lotsa a wuraren da hannuwa suka daɗe suna duka. Ya buga rahoto a kansu a mujallar Man a 1956, kuma bayan haka masu bincike suka riƙa gano irinsu a wasu sassan Nijeriya da Uganda da Sudan. Abokan da suka tsaya a Dutsen Murufu suka ji wannan amo, sun ji kiɗan da ya girmi kalangu da kotso a kunnen mutanen wurin.

Abin da ke cikin haɗari

Waɗannan duwatsu suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Sai dai doka a takarda ba ta hana launi dusashewa. Ruwan sama da rana suna cin zanen a hankali. Hayaƙin wutar da aka hura a kogo, da gawayi ko fentin mai son rubuta sunansa, suna ɓata shi cikin yini guda. Akwai kuma matsin da bunƙasar gari ke kawowa. Babban birnin jiha yana buƙatar tsakuwa don tituna da gine-gine, kuma dutsen da aka sa wa nakiya ya tafi ke nan. Ganuwar ƙasa ma haka take zaizayewa, ana ɗibar ta ana yin tubali.

Babban haɗarin shi ne mantuwa. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, aka shafe kusan shekara goma kafin a fara mayar da shi. Akwai matasan da suka tashi a Dutse suna iya lissafa filayen ƙwallon Ingila amma ba su taɓa jin sunan Ada ba. Wurin da mutanensa ba su san darajarsa ba, ba wanda zai tsaya masa ranar da motar fasa dutse ta iso.

A nan ne ziyarar tsofaffin abokai take da amfanin da ya wuce nishaɗi. Su ne ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa da masu faɗa a ji. Idan suka nemi izinin fada kafin su zaga Garu, suka nemi jami'in hukumar tarihi a Birnin Kudu ya raka su kogunan, suka zauna da dattawan unguwa suka naɗi abin da suka gada daga kakanni, suka kuma tafi da 'ya'yansu, to sun ƙara yawan waɗanda suka san labarin. Ladabin wurin kaɗan ne: kada a taɓa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada a bar shara.

Mafi kyawun lokaci shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dutse bai ɗauki zafi ba kuma ciyawa ta kwanta. A fita da sassafe, a sa takalmi mai riƙe ƙafa, a ɗauki ruwa isasshe. Wanda ya isa Dutsen Mesa da hantsi zai tarar da shanun nan marasa tozo a jikin bango, a inda mai zanensu ya bar su.