Mashayar Ingila: ɗakin da aka rubuta dokokin ƙwallo, aka kuma hana Malcolm X abin sha



Ranar 26 ga watan Oktoba na 1863, waɗansu mutane suka taru cikin wani gida a birnin Landan suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda ita ce ta farko a duniya. Kafin ƙarshen shekarar, a wannan gida suka daidaita kan dokokin wasan da yau ke hana samarinmu barci. Sunan gidan Freemasons' Tavern, kuma gidan ci da shan giya ne. Da na faɗi haka cikin wani shiri, wani mai saurare ya bugo waya yana mamaki: to su ba su da biro ne? Tambayar tashi ce ta sa na zauna rubuta wannan tarihi.

Tun farko in faɗa, hukuncin giya a addininmu sananne ne, ba kuma talla na zo yi mata ba. Amma wanda ke son ya gane zaman Ingilishi, siyasarsu da ƙungiyoyinsu, dole ya leƙa wannan ɗaki, don a cikinshi aka ƙulla abubuwa da yawa. Su suna ce ma shi "pub". Gajarta wata kalma ce mai ma'anar gidan jama'a, wato gidan mutum ne amma ƙofarshi buɗe take ga duk mai wucewa.

Asalin abin ma daga cikin gida ya fito. Shekaru ɗari bakwai ko takwas da suka wuce, dafa giyar sha'ir aikin mata ne a Ingila, kamar yadda daka da tuwo suke aikin mata. Mai rauni daga cikinta abin sha ne na yau da kullum, har yara ana ba su. In mace ta dafa ta yi yawa, sai ta kafa dogon itace bakin ƙofa, ta ɗaura ganye a kai. Duk wanda ya gani ya san akwai ta saidawa. Maƙwabta su shigo, su zauna kusa da murhu, su sha, su yi hira. A ƙasar da sanyi ke kama mutum har ƙashi, kuma ɗakin talaka ba shi da wuta isasshiya, wannan murhun ma kaɗai ya isa ya tara mutane.

Da sarauta ta ga kuɗi na shiga, sai ta sa ido. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya ba da umurni kowane mai saida giya ya rataya alama bakin gidanshi, don masu binciken ingancin giya su san inda za su shiga. Tunda mafi yawan mutane ba su iya karatu ba, sai alamar ta zama hoto: zaki, kambun sarauta, farar barewa, garma. Daga nan sunayen suka samo asali. Har gobe sunan da ya fi yawa a ƙasar shi ne Red Lion, wato Jan Zaki. A 1552 kuma aka yi dokar da ta ce ba mai buɗe mashaya sai da takardar izini daga alƙalan yanki.

Gidajen iri uku ne a lokacin. Akwai na talakawa inda ake saida giyar sha'ir. Akwai na masu hali, cikin birane, inda ake shan ta inabi. Sai masaukin matafiya, wanda ya fi kama da zango a wajenmu: wurin kwana, abinci, da bargar dawaki. Wani ƙidaya da aka yi a 1577 ya samu fiye da 14,000 na kashin farko, masaukai sama da 1,600, na inabi kuwa ɗari uku da ƴan kai. Masaukan nan sun ci zamaninsu lokacin kekunan doki, su ne tasha, su ne wurin sauke wasiƙu da labarai, har jirgin ƙasa ya zo wajen 1840 ya kwashe musu matafiya.

Wurin da tarihin ya yi zafi shi ne zamanin wata barasa mai suna gin. Bayan 1689, Ingila na yaƙi da Faransa, sai gwamnati ta toshe barasar Faransa, ta sake ma kowa mara ya tace tashi daga hatsin gida. Manoma sun samu kasuwa, gwamnati ta samu lanho, talakan Landan kuma ya samu abin da zai bugar da shi da ƴan kwabbai. Abin ya zama annoba. A 1736 majalisa ta ce duk mai son saida ta sai ya biya fam 50 na takarda, kuɗin da ya fi abin da lebura ke samu a shekara. Kusan ba wanda ya biya. Aka koma saidawa a ɓoye, masu kai tsegumi ga hukuma kuma suka riƙa shan duka a titi. A 1751 mai zane William Hogarth ya fitar da hotuna biyu. A ɗayan, unguwar masu shan gin, ga wata uwa a buge jaririnta na suɓucewa daga hannunta zai faɗo daga bisa matakala. A ɗayan kuma, unguwar masu shan giyar sha'ir, kowa da ƙiba yana aikinshi. Ku lura da kyau: bai ce a bar sha ba, cewa ya yi a canza abin sha. Wannan tunani ne ya bi gwamnatocin Ingila shekaru da dama.

Shi ne ma ya haifi dokar 1830. Don a janye mutane daga barasa mai ƙarfi, aka ce duk magidanci mai biyan lanho, in ya ba da fam biyu da ƴan sulalla, yana iya saida giya cikin gidanshi, ba sai ya je gaban alƙali ba. Cikin shekaru kamar takwas, sabbin mashaya fiye da 40,000 suka tsiro. Maganin ya zo da tashi cutar, har a 1869 aka maida su ƙarƙashin alƙalai. A wannan zamani ne kuma masu yaƙi da shan giya suka yi ƙarfi. A garin Preston, a 1832, Joseph Livesey da abokanshi suka ɗauki alkawarin barin giya gaba ɗaya, tafiyar ta bazu ko'ina, har suka riƙa buɗe nasu wuraren zama inda ba a saida komai sai abin sha marar bugarwa. Sun gane in ka hana mutum giya ba ka ba shi wurin zama ba, zai koma inda ya fito.

To mu koma ga tambayar mai saurarena. Amsar ita ce, a zamanin da masana'antu suka cika birane da leburori, iyali guda na cunkushe cikin ɗaki ɗaya ko biyu, mashaya ce kaɗai ke da babban ɗaki mai wuta da fitila wanda talaka zai shiga ba a tambaye shi takarda ba. Don haka kome can ake kai shi. In an tsinci gawa, sau da yawa a mashaya mai binciken mutuwa ke zama da shaidu. Ƙungiyoyin taimakon juna, masu kama da adashi ko asusu, inda ma'aikaci ke zuba kuɗi kowane sati don ranar ciwo ko jana'iza, a can suke taro, akwatin kuɗin ma sau da yawa wajen mai gidan yake. Ƙungiyoyin ƙwadago na farko a ɗakunan sama na mashaya suka yi rarrafe. Mai neman aiki can yake zuwa jin labari. A ƙarshen 1847, a saman wata mashaya mai suna Red Lion a unguwar Soho, wani taro ya ɗora ma Karl Marx da Friedrich Engels aikin rubuta sanarwar nan ta ƴan kwaminis. Ko a 1953, da masanan nan biyu na Cambridge, Crick da Watson, suka gano surar ƙwayar gadon halitta, a mashayar The Eagle aka ce sun fara shelar abin.

Amma wannan amfani yana da farashi, kuma mata da yara ne suka fi biyanshi. Akwai masu ɗaukar leburori da ke biyan albashi a cikin mashaya ranar Asabar, wani lokaci da haɗin bakin mai gidan. Mutum ya karɓi kuɗin sati, kafin ya kai ƙofa rabi ya tafi. Sai a 1883 aka yi doka ta hana biyan albashi a irin waɗannan wurare. Ni a ganina, duk mai ba da labarin mashaya kamar wata aljannar zumunci, ya manta da matar da ke tsaye bakin ƙofa cikin sanyi tana jiran abin da ya rage, bai faɗi gaskiya duka ba.

Sunan gidan jama'a ma akwai gyara a cikinshi. Yawancin mashayun an raba su ɗaki ɗaki: na leburori mai bencin katako, na masu kwat mai kafet inda kofi ɗaya ya fi tsada, da wani ɗan lungu inda mace ko limamin coci zai sha ba a gan shi ba. Da baƙi daga Indiya, Pakistan da tsibiran Karebiyan suka zo aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mashaya da yawa suka ƙi saida musu, ko su ware musu ɗaki. Ranar 12 ga Fabrairu na 1965, Malcolm X ya ziyarci garin Smethwick kusa da Birmingham. Wani ɗan ƙwadago ɗan asalin Indiya ya kai shi mashayar Blue Gates don ya gani da idonshi, aka kuwa ce musu ba a saida ma masu launin fata a wannan ɗaki. Kwana tara bayan haka aka harbe Malcolm X a New York. A cikin shekarar ce Birtaniya ta yi dokarta ta farko da ta hana wariyar launin fata a wuraren jama'a, har da mashaya. Yau a wannan yanki akwai mashayu da dama da jikokin waɗancan baƙi ke riƙe da su, ana gasa nama irin na Punjab.

Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa shi ya yanka ma mashaya lokaci. Kafin 1914, ta Landan na iya buɗewa tun ƙarfe 5 na asuba har bayan sha biyun dare. Gwamnati ta ga masu ƙera harsashi na zuwa aiki a buge, minista Lloyd George har ya lissafa giya cikin abokan gaban ƙasa tare da Jamus da Ostiriya. Aka rage lokacin ya koma awa biyar da rabi a yini, aka rage ma giya ƙarfi, aka hana mutum ya saya ma abokinshi. A yankin Carlisle, kusa da wata babbar masana'antar albarushi, gwamnati ta karɓe mashayu da wuraren dafa giya a 1916 ta riƙa gudanar da su da kanta, ba ta sake su ba sai farkon shekarun 1970. Rufewar tsakar rana da aka ƙirƙiro saboda yaƙi ta zauna a Ingila har 1988. Dokar wucin gadi ke nan, shekara saba'in da wani abu.

Hanin saya ma aboki ya yi musu ciwo saboda ya taɓa al'adar da ta fi kowace ƙarfi a wurin. In mutum biyar suka zauna, ɗaya zai tashi ya sayo ma kowa, sannan na biyu, har a zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin layi ya zo kanshi, sunanshi ya ɓaci a unguwa. Duk wanda ya taɓa zama a fada ya san irin kallon da ake yi ma mai zuwa shan shayi kullum amma bai taɓa kawo sukari ko gawayi ba. Ba mai kawo maka abu a tebur, kai za ka tashi ka je wajen kanta ka biya nan take, kuma a bakin kantar nan ne baƙo ke iya yi ma baƙo magana, abin da Ingilishi ba su cika yi a titi ba. Akwai wasan jifa da ƴan kibau, akwai domino, akwai gasar tambayoyi. In dare ya yi mai gida ya kaɗa ƙararrawa, alamar sayen ƙarshe.

Yanzu dai gidajen na raguwa. A shekarar 2000 akwai kimanin 60,000 a Birtaniya, yau ana maganar wajen 45,000. Dalilan sun taru ne: giyar manyan kantuna ta fi araha, an hana shan taba a ciki tun Yulin 2007, haya da wuta sun yi tsada, masana'antun da ke cika su da ma'aikata sun rufe, samari da yawa kuma ba su sha kamar iyayensu. Korona ta zo a Maris na 2020 ta rufe su duka. Waɗansu sun koma gidajen haya, waɗansu kantuna, waɗansu ma masallatai a unguwannin da Musulmi suka yi yawa.

A ƙauyuka abin ya fi ciwo, don sau da yawa gidan waya ya rufe, kanti ya rufe, mashayar ce ɗakin taro na ƙarshe. Shi ya sa a 2003 mutanen ƙauyen Hesket Newmarket, a arewacin Ingila, suka haɗa kuɗi suka saye tasu mai suna Old Crown, ta zama mallakar jama'ar gari. Garuruwa da dama sun bi sahunsu, waɗansu har suna saida burodi da madara da rana a ciki.

A Landan kuma, a watan Afrilu na 2015, wani kamfanin gine-gine ya turo katafila ya rushe wata tsohuwar mashaya mai suna Carlton Tavern ba tare da izini ba, ana gab da saka ta cikin gine-ginen tarihi. Ginin ya tsira daga bama-baman Jamus, bai tsira daga mai neman fili ba. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, hukumar yankin Westminster ta ce sai an sake gina ta yadda take, bulo bisa bulo. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, bai yi nasara ba. Ranar 12 ga Afrilu na 2021 aka sake buɗe ta.