Yaron da ya ɗauki muryar John Lennon a tef kafin duniya ta san shi 🧵

1/ Jama'a, yau tarihi zai kai mu Ingila, shekarar 1957. Labarin wani ɗan faifan tef ne da wani matashi ya ɗauka don nishaɗi kawai, daga baya aka saye shi fam 78,500. Ku biyo ni.

2/ Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasan Ingila sun kamu da son tsohon kiɗan jaz irin na baƙaƙen fatan New Orleans a Amurka. Ƙananan ƙungiyoyi suka cika gari, ana busa ƙaho ana kaɗa banjo.

3/ A ƙungiyar jaz ta Chris Barber akwai mai banjo, Lonnie Donegan. In masu busa sun tafi hutu, shi da wasu sai su ɗauki jita su yi wani kiɗa mai sauƙi da ake kira skiffle. Waƙarsa ta Rock Island Line ta yi tashe a 1956.

4/ Daɗin skiffle shi ne ba sai kana da kuɗi ba. Jita mai arha, allon wanki, da akwatin ganyen shayi da aka kafa wa sanda da igiya, shi ke nan an haɗa ƙungiya. Yaran unguwa kowa ya kafa tasa.

5/ Cikinsu har da wani ɗan shekara 16 a Liverpool, John Lennon. Sunan ƙungiyarsu The Quarrymen. Ran 6 ga Yuli 1957 suka yi wasa a bikin cocin St Peter da ke unguwar Woolton.

6/ A wurin akwai wani matashi, Bob Molyneux, da rikodarsa ƙirar Grundig, irin mai zaren tef a naɗe kan faifai biyu. Ba ma'aikacin rediyo ba ne, ba kamfani ne ya aiko shi ba. Ya dai kunna abarsa da yamma ya ɗauka.

7/ Waƙa biyu suka rage a tef ɗin: Puttin' on the Style, wadda Donegan ya yi tashe da ita, da Baby Let's Play House ta bakin Elvis Presley. Sautin a dishe yake, ga hayaniyar ɗaki.

8/ To ga inda abin yake. A wannan ranar ce aka gabatar wa Lennon wani yaro ɗan shekara 15, Paul McCartney. Daga haɗuwar nan aka samu The Beatles.

9/ A zamanin tef yana da tsada, mutane kan goge tsohon abu su ɗora sabo a kai. Da an yi wa wannan haka, da babu sautin ranar ko na daƙiƙa ɗaya.

10/ Molyneux ya girma ya zama ɗan sanda, tef na ajiye shekara 37. A 1994 aka yi gwanjonsa a Sotheby's, kamfanin EMI ya saya.

11/ Yanzu ku tuna kasa-kasan da ke cikin kwalin Baba ko adakar Hajiya: na biki, na suna, na wani makaɗin garinku da bai taɓa shiga situdiyo ba. Zafi da danshi na cin tef a hankali. In kun samu rikoda mai aiki, ku juye su a waya tun suna magana.

Wa ke da irin wannan kaset a gida? Muryar wa ke ciki?