Bayani a kan Asalin Wangarawa da Takardar Nasaba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma bayan haka, ka sani, ya ɗan'uwana mai neman sani, Wangarawan Kano suna danganta kansu ga Shehu Abdurrahman Zagaiti, Allah ya jiƙansa, wanda ya taso daga ƙasar Mali da nufin hajji, Allah ya ƙaddara masa zama a Kano. Littafin Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta a shekara ta 1061 bayan hijira, ya sanya zuwansa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har ya haɗa shi da Shehu Maghili. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya kai zuwansa can zamanin Yaji, kimanin shekara ɗari kafin Rumfa. Ni na fi karkata ga na farko, domin Maghili shaida ne a kan zamani.

A gafakar kakana na sami wata takarda, gara ta ci gefenta, mai ɗauke da sunaye tara daga gare shi zuwa Zagaiti. Na yi murna, sa'an nan na auna ta da ma'aunin Ibnu Haldun, wato uba uku ga kowace shekara ɗari. Rumfa ya rasu a 1499 ta Miladiyya, kakana kuwa ya ga shigar Nasara Kano a 1903. Ashe sunaye goma sha biyu ake nema, ba tara ba. Ko mai kwafi ya tsallake, ko wani almajiri ne aka mayar da malaminsa ubansa, kuma wannan yana aukuwa a gidajen malamai.

Don haka da na kwafa wa 'ya'yana, sai na bar fili fari tsakanin na shida da na bakwai, inda tawada ta sāke launi. Wallahu a'alamu.