Sandar Direba

A shekarar 1911 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Hausawa suka sa mata suna dogo. Kamar yawancin hanyoyin da Turawan Ingila suka shimfiɗa a Afirka, layi guda ne tak, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa su ke bi. Ba inda jirage biyu za su wuce juna sai a tasha, inda aka raba hanyar biyu. To, yaya direba zai tabbata, kafin ya bar tasha, babu wani jirgi da ya doso shi? Wannan tambaya ta daɗe tana damun ma'aikatan reluwe a Ingila, kuma ba su sami amsarta ba sai da aka yi asarar rayuka.

Dabarar farko mai sauƙi ce ƙwarai. Aka yanka hanya gunduwa-gunduwa, daga wannan tasha zuwa waccan, kowane yanki aka yi masa sanda guda ɗaya. Direban da ba ya riƙe da sandar ba shi da iznin shiga. Tun da ya ke sanda ɗaya ce, jirage biyu ba su haɗuwa. Amma akwai cikas. In jirgi ya tafi da sandar, wani kuma ya biyo bayansa, sai ya tarar tana can ɗaya tashar, dole ya jira a dawo da ita. Saboda haka waɗansu kamfanoni suka dogara ga waya, watau tangaraho, shugabannin tasha suna aika wa juna saƙo.

A daren 10 ga Satumba, 1874, aka ga aibin wannan. Jirgin Landan ya makara, ma'aikatan tashar Norwich ba su fahimci juna ba, aka buga waya zuwa Brundall a sako jirgin wasiƙu daga Yarmouth. Jim kaɗan jirgin Landan ya iso, aka sallame shi kan wannan layi. Ko da aka farga, duka biyu sun riga sun tashi, ba kuwa yadda za a kira su. Suka yi karo a Thorpe, mutum 25 suka mutu.

Wani injiniya, Edward Tyer, shi ya fito da magani a 1878. Ya ƙera akwatuna biyu, ɗaya a kowace tasha, ya haɗa su da wayar lantarki. Cikin kowanne akwai fayafayan ƙarfe da yawa, an rubuta sunayen tashoshin biyu a jikinsu. Ba a iya zare faifai sai da yardar ma'aikacin ɗaya tashar, in kuwa an zare guda, akwatunan biyu sai su kulle, har direba ya kai shi a mayar. Ka ga ke nan har yanzu sanda ɗaya ce a waje, amma ana iya samunta ta kowane ɓangare. A ganina ba a yi dabarar da ta fi wannan kyau ba cikin aikin dogo.

Duk da haka, ran 26 ga Janairu, 1921, aka sake yin karo a Abermule, cikin ƙasar Wales, a kan hanyar da ke da akwatunan Tyer. Akwatunan ba su yi kuskure ba. Wani jirgi ya iso tasha, aka karɓi faifan yankin da ya baro. Maimakon a mayar da shi akwati, sai ya bi hannu hannu har ya kai ga mai riƙon tashar. Shi kuwa ya zaci faifan yankin gaba ne, ya miƙa wa mutanen jirgin abin da suka kawo. Ba wanda ya duba rubutun. Faifan gaskiya kuwa yana hannun direban jirgin da ke tahowa daga Newtown. Mutum 17 suka halaka. Bayan wannan aka ƙara ƙaimi wajen haɗa siginar fita da akwatin faifai, yadda ba za ta ba da hanya ba sai an zare faifan da ya dace.

Yau galibin manyan hanyoyi sun koma ga fitilu da na'urori, irin waɗannan kaya sun koma gidajen ajiye kayan tarihi. Babban gidan tarihin reluwe na Ingila yana birnin York, an buɗe shi a 1975. Yawancin baƙi wajen Mallard su ke nufa, injin tururin nan da ya yi gudun mil 126 a awa cikin 1938. Kaɗan ne ke tsayawa gaban wata 'yar hanyar jirgi da ke kan tebur, wadda kamfanin Lancashire da Yorkshire ya yi wajen 1912. Mai wucewa zai ɗauka abin wasan yara ne, alhali kuwa da ita aka yi shekaru ana koya wa masu sigina aikinsu.