Rashin haihuwa

rashin haihuwa (suna, namiji). 1. A wajen likitoci: ma'aurata su shekara guda suna saduwa a kai a kai, ba tare da maganin tsarin iyali ba, amma ciki bai shiga ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da shi a rayuwarsa. Ga mace yakan zo daga toshewar bututun ƙwai bayan ciwon sanyin da ba a magance ba, ko ƙarin mahaifa, ko rashin sakin ƙwai. Ga namiji kuwa, ƙaranci ko raunin ƙwayoyin maniyyi, kuma gwajinsa ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Ana magance shi da ƙwayoyi ko tiyata, ko a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, hanyar da aka haifi wata jaririya mai suna Louise Brown da ita a Ingila a 1978. Tsadar wannan hanya ta fi ƙarfin talaka.

2. A bakin jama'a: laifin da ake ɗora wa mace tun kafin a auna kowa. Ita ke shan gorin dangin miji da habaicin gidan suna, ita ake yi wa kishiya, alhali sau da yawa matsalar tana jikin mijin, wanda kunya ke hana shi zuwa asibiti. Wannan zalunci ne. Misali: "Maigida, rashin haihuwar nan namu ne mu biyu, don Allah mu je a duba mu tare."

Dubi: juya, bakarariya.