Bala'i Ɗaya, Idanu Uku: Sake Duba Ma'aunin da Ake Auna Ƙare-ƙaren Half-Life da Shi

Akwai hukuncin da ya daɗe yana yawo tsakanin masu sharhin wasannin kwamfuta, har ya zama tamkar ba ya buƙatar hujja. Hukuncin shi ne, cikin ƙare-ƙare biyu da kamfanin Gearbox ya yi wa Half-Life a kwamfuta, Opposing Force na 1999 ne ya amsa sunansa, shi kuwa Blue Shift na 2001 cikon benci ne kawai. Dalilin da ake kafawa ba ya canzawa: na farko ya zo da sababbin makamai da sababbin abokan gaba, ga tsawo, na biyu gajere ne, kuma bai ƙaro ko makami ɗaya ba. Lissafin daidai ne. Inda nake da ja shi ne ma'aunin da aka yi lissafin da shi, domin a ganina aro shi aka yi daga wasannin da gininsu ya sha bamban da na Half-Life.

Tarihin sananne ne. Kamfanin Valve ya fitar da Half-Life a Nuwamban 1998 ta hannun Sierra, Marc Laidlaw ya tsara labarin, kuma ɗan wasa yana shiga jikin Gordon Freeman, masanin fiziks a cibiyar bincike ta Black Mesa da ke jihar New Mexico a Amurka, ranar da wani gwaji ya ɓaci ya buɗe wa halittun duniyar Xen hanya.

Kafin wannan, al'adar ƙari a wasannin harbi da ake gani ta idon ɗan wasa ta riga ta kafu. Ƙare-ƙaren Quake guda biyu na 1997, wato Scourge of Armagon da Dissolution of Eternity, sun ci gaba ne da jarumi ɗaya, suka ƙaro filaye da makamai da dodanni. A irin wannan gini ƙidayar makamai ma'auni ne mai adalci, tunda labarin bai wuce uzurin harbi ba. Half-Life kuwa ya ɗaure kansa da wata doka mai tsauri: kusan daga farko har ƙarshe ba a yanke wasa a nuna gutsuren fim, Freeman ba ya magana, kuma ɗan wasa ba ya sanin komai sai abin da ya faru a gaban idonsa ko ya shiga kunnensa. Sakamakon wannan doka shi ne uwar wasan ta bar wurare masu yawa a duhu da gangan. Me sojojin da aka turo suka sani? Ina sauran ma'aikata suka nufa? Freeman ba shi da hanyar sani. Saboda haka duk ƙarin da zai zo yana da aiki na musamman: ya ba mu wasu idanun a cikin bala'in nan ɗaya. Gearbox ta fahimci haka, domin ba ta ci gaba da Freeman ba a ko ɗaya daga cikinsu. Tambayar da ta dace, ke nan, ita ce wane ne cikin biyun ya cika alkawarin sabuwar mahangar da ya ɗauka.

Alkawarin Opposing Force shi ne mafi nauyi. Duk wanda ya buga uwar wasan yana tune da inda wani masani ya ruga wurin soja yana murnar an zo ceto, sojan ya bindige shi. Rundunar an turo ta ne ta rufe bakin shaidu. Sai ga ƙari ya ce zai sa mu cikin kakin ɗaya daga cikinsu, Kofur Adrian Shephard. Amma tun a farkon labarin aka harbo jirginsa kafin a ba shi umarni, ya farfaɗo a hannun masanan da 'yan uwansa ke kashewa, su ne ma suka yi jinyarsa. Daga nan aka kawo wata rundunar ɓoye mai baƙaƙen kaya da ke kashe sojoji da masana baki ɗaya, aka ƙara da sababbin halittu na Race X. Da wannan dabara aka wanke hannun Shephard tas. Ya zama wanda ake farauta, kamar dai Freeman, kuma ɗan wasa bai taɓa fuskantar zaɓin da ya sa mahangar soja ta zama abin sha'awa tun farko ba. Mai yiwuwa an yi haka ne don gudun ɓata wa masu saye rai. Ko ma mene ne dalili, tambayar da aka buɗe ba a amsa ta ba.

Blue Shift ya ɗauki alkawari ƙarami, kuma ina ganin ya fi kusa da cika shi. A tafiyar ƙaramin jirgin da ke buɗe Half-Life, Freeman yana wuce wani mai gadi da ke buga wata ƙofa da ta ƙi buɗuwa. A Blue Shift mu ne wannan mai gadin, Barney Calhoun, jirgin Freeman ne yake wuce mu. Aikin safiyarsa shi ne karɓar bindiga da rigar sulke, sai aike zuwa duba na'urar hawa bene da ta tsaya. Bayan bala'in burinsa ɗaya ne, ya fita da ransa tare da Dakta Rosenberg da 'yan tsirarun masana. Can kusa da ƙarshe yana hango sojoji na jan Freeman a sume, ba shi da ikon yin komai. Cikin jaruman uku shi kaɗai ya bar Black Mesa da 'yancinsa; Freeman da Shephard duka a hannun wani mutum mai jaka da ake kira G-Man suka ƙare.

Mai riƙe da tsohon hukunci yana da martani, kuma martanin ba na yarwa ba ne. Zai ce wasa da hannu ake yin sa. Idan abin da yatsun ɗan wasa ke yi bai canza ba, to sauya sunan jarumi kamar sauya wa tsohuwar mota fenti ne. Zai nuna cewa Shephard yana da tabarau na gani cikin duhu maimakon tocila, yana hawa igiya, yana maƙale wa bango da wata halitta mai dogon harshe da ya mayar ƙugiya, kuma mafi muhimmanci yana tafiya da 'yan uwansa sojoji: likita ya yi masa magani, injiniya ya yanka masa ƙofa da wutar walda. Wannan, in ji shi, ita ce mahangar soja ta gaskiya, wadda ake ji a hannu. Barney kuwa da makaman Freeman yake yaƙi, abokan gaban Freeman yake kashewa, har Xen ma ya je. Ina mai gadin talaka a nan?

Dole a karɓi rabin wannan. Tafiya da tawaga ita ce mafi kyawun abin da Opposing Force ya kawo, kuma hujja ce cewa ana iya gina mahanga da tsarin wasa. Haka nan gaskiya ne cewa tsakiyar Blue Shift, inda Barney ke karkashe ƙwararrun sojoji shi kaɗai, ta saɓa wa hoton ma'aikacin da aka zana a farko. Amma martanin ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Likita da injiniya suna gaya mana wane ne Shephard. Bindiga mai harba ƙwayoyin halitta da na'urar da ke jefa mutum Xen ba sa gaya mana komai game da shi. Da a hannun Freeman aka sa su, babu abin da zai ragu. Yawancin abin da ake ƙidayawa a matsayin fifikon Opposing Force daga kashi na biyun yake. Kuma tawagar kanta ba ta daɗewa, sau da yawa Shephard shi kaɗai yake ratsa ramuka da bututu. Idan an yarda cewa hannu ne ke ɗauke da mahanga, to sai a ƙidaya abin da ya shafi mahangar kawai, kuma da an yi haka tazarar da ke tsakanin ƙare-ƙaren biyu za ta ragu ƙwarai.

Martani na biyu ya fi wuyar turewa. An fara gina Blue Shift ne a matsayin tsaraba ga Half-Life na na'urar Dreamcast, daga baya aka sayar da shi a kwamfuta shi kaɗai, wancan shiri kuwa aka soke shi. Saboda haka gajartarsa da rashin sababbin makamansa, ga dukkan alamu, sun samo asali ne daga yanayin samar da shi. Ba ni da hujjar cewa hikima ce aka tsara, kuma wanda ya biya kuɗinsa a 2001 ya gama shi cikin 'yan sa'o'i yana da haƙƙin ƙorafi. Don haka zan taƙaita da'awata. Ban ce Blue Shift ya fi daɗin bugawa ba. Opposing Force ya fi shi faɗi da ƙirƙira. Abin da shaidar ta ba ni damar faɗa shi ne, a buɗewarsa da burin jaruminsa da ƙarshensa, Blue Shift ya nuna mana Black Mesa daga wani matsayi da uwar wasan ba ta iya nunawa, alhali Opposing Force ya nufi irin wannan matsayi ya kauce.

Wasu na ƙara da cewa Barney ya dawo a Half-Life 2 na 2004, Shephard da Race X kuwa ba a sake ganin su ba. Ba zan jingina da wannan ba, domin Barney ɗan Valve ne tun asali, kuma zaɓin kamfani ba hukuncin nazari ba ne.

Abin da nake nema daga abokan nazari shi ne a riƙa tambayar kowane ƙari dokar da uwar wasansa ta kafa kafin a ɗauko ma'auni. Inda uwar ta ginu kan harbi zalla, a ƙidaya makamai. Inda ta ginu kan iyakar abin da ido ɗaya ke iya gani, to a fara da tambayar abin da sabon idon ya gani, da abin da aka hana shi gani. Da a ce da wannan tambaya aka fara tun 2001, da an ci gaba da yaba wa Opposing Force kan tawagarsa, an kuma tuhume shi kan umarnin da ya ɓoye wa Shephard, sannan da Blue Shift bai shafe shekaru ana kiransa ragowa ba.